Aljihunka ko Aljihunki

"Ki daina ce mini gari! Wane gari? A ina yake? Wace mota ake hawa a tashar Gumel a je shi?"

Gwaggo Hajaratu ce tsaye a tsakar gida, muciya a hannu, duk kalmar da ta fito daga bakinta sai muciyar ta nuna Hannatu.

"Gwaggo, wallahi sunan gari ne. Babila. Har a cikin Alƙur'ani akwai shi, ki tambayi kowane malami."

"Na tambayi kunnena! Kunnena Baba Ila ya ji. Kunnen 'yan acaɓar Gagarawa shi ya ji, na masu awo a Maigatari ma shi ya ji. Ke kaɗai Allah ya ba kunnen 'yan boko. Sunan ubanki ake taka rawa da shi, Hanne, ƙanena ciki ɗaya, ke kuma kin zauna kina yi mini tafsiri."

Hannatu ta sunkuyar da kai. Tana zaune a kan kifaffen turmi, littattafan 'yan ajinta a cinya, jan biro a hannu, amma tun azahar ba ta duba ko shafi ɗaya ba. Shekararta ashirin da bakwai, malama ce a wata firamare a nan Gumel, shi ya sa take zaune wurin gwaggonta. Mahaifinta Alhaji Isma'ila yana can Gagarawa. Tun da furfura ta fito masa babu mai kiran cikakken sunan nan, yaro da babba Baba Ila suke cewa.

To, ga wanda bai san tushen rigimar ba, Muntaka ne tushenta.

Muntaka ɗan wani malami ne a Ɗanzomo, ta can wajen Sule Tankarkar. Ya kai izu arba'in a allo, mahaifin ya rasu, sai wata Alhamis ya ɗare bayan motar shanu a Maigatari ya tsallaka Damagaram. Shekara tara ba a ga ƙeyarsa ba. Da ya dawo, ya dawo da jita a rataye da gashi kamar igiyar guga har kafaɗa, yana wani kiɗa mai jan ƙafa da ake ce wa rege. Mutane suka ce iskokin Nijar ne suka taɓa shi. Shi kuwa bai yi wa budurwa waƙa ba, bai yi wa ɗan siyasa ba. Rijiyar da aka ƙaddamar ba ruwa ya yi wa waƙa. Ya yi wa itatuwan da ake sarewa ana ƙona gawayi. Ya yi wa takin gwamnati da ke ɓacewa a hanya, kuma a shekarar, ko don waƙar ko don tsoron Allah, taki ya iso kafin maimai. Daga nan masu ce masa mahaukaci suka koma cewa "yaronmu." Ya yi wasa a Maraɗi, ya yi a Kano, masu tura waƙa a waya suka fara ajiye masa babban fayil shi kaɗai.

Da ya aiko neman Hannatu kowa ya zuba ido ya ga yadda za a koro manyansa. Baba Ila ya ba mutane kunya. Ya dubi gashin nan sama da ƙasa, ya ce, "Wannan tsakaninka da wanzami ne. Kana salla?" Aka karɓi goro, aka sa rana bayan kaka.

Sai wata biyu da suka wuce sabuwar waƙa ta fito.

Babila, maido gonar Iya,
An ce taki ne ta dangwala.

Kowa a ƙasar Gagarawa ya san shekarar da wasu masu hannu da shuni daga birni suka zo neman fili. Kowa ya san an bi ƙauyuka da takarda ana cewa sunayen masu karɓar taki ake ɗauka, tsofaffi suka yi ta dangwala yatsa. Kowa ya san Iya Asama'u, mahaifiyar Muntaka, ta dangwala, gonar gadonta ta tafi. Kuma kowa ya san wanda ya riƙe takardar. Ba a dai faɗa, saboda mutum ne mai zuwa jana'izar kowa. Yanzu ga shi an samu hanyar faɗa da kiɗa.

"Alhamis nawa ke nan bai je kasuwa ba?" in ji Gwaggo. "Shida! Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi Maigatari ba. Yana sauka daga mota wani ɗan iska zai danna waya. Ba su ce masa komai, su gaishe shi har ƙasa, waya na yi a aljihu."

"Na sani, Gwaggo."

"Kin sani. To ga saƙonsa, na maimaita miki don kada ki ce ban faɗa ba. Zuwa Juma'a mai kan tsintsiyar nan ya koma inda ya yi waƙar ya cire kalmar. Kalma ɗaya tak. In ya ƙi, goronsu zai koma Ɗanzomo. Ubanki ya ce ba zai zaɓa miki miji ba, ke ba yarinya ba ce, amma ba zai ɗaura aurenki da mai zaginsa ba." Ta ɗan sassauta murya. "Ga Abdulfatah, bawan Allah. Shagon maganin dabbobinsa ƙofa biyu. Kansa a aske tas kamar ƙwarya. Shekara biyu yana jira, ko tari bai taɓa yi da ƙarfi ba."

Ba gulma ba, duk Alhamis in kasuwa ta tashi Abdulfatah sai ya biyo da cuku da dabino ya ce a ba Gwaggo. Haƙoranta huɗu suka rage, amma cukun nan ba ya kwana.

Hannatu ta ci gaba da juya jan biron a hannu. Abin da ke cin ta Gwaggo ba ta san shi ba. Ranar Juma'ar da ta wuce Baba Ila ya zo Gumel, ya ƙi shiga cikin gida, ya tsaya a zaure ya sa aka kira ta. Bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi mata, idonsa a ƙasa.

"Hannatu, farar shaddata ta waccan shekarar, wa ya wanke mini ita?"

Ta ce ba ta tuna ba. Ya gyaɗa kai, ya sa takalminsa ya tafi.

Ana sallame la'asar adaidaita ta tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama. Gwaggo ta taɓe baki.

"Ga shi nan. Je ki. Ni ba ruwana, ba na ma son jin muryarsa."

Tana faɗar haka ta jawo kujerarta da faifan wake ta dasa a bayan ƙyauren da ke tsakanin zaure da tsakar gida, wai nan ne inuwa ta fi.

Muntaka yana zaune a bakin tabarma. Ya tattare gashin cikin wata ƙatuwar hular saƙa, kamar yadda yake yi duk ranar da zai zo gidan, don girmamawa. Ya rame. Da ta shigo ya yi murmushi, murmushin bai kai ido ba.

"Malama, an tashi 'yan makaranta?"

"An tashi. Ya Iya?"

"Tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki zogalen da kika ba ta ya kama."

Ta zauna a ɗaya bakin tabarmar. Daga bayan ƙyaure ana jin ƙarar wake a faifai.

"Saƙon Baba ya same ka?"

"Ya same ni." Ya gyara zama. "Hanne, ke kin sani. Duk mai kiɗan nan a duniya, daga inda ya samo asali har Yamai, in ya ce Babila zalunci yake nufi. Ba mutum ba ne. Tsari ne, mai danne na ƙasa. Ni na ƙago kalmar? Tun ba a haife ni ba ake rera ta."

"Haka nake gaya wa kowa. Na gaya wa Gwaggo har muryata ta dushe. Na gaya wa malaman makarantarmu, suna yi mini kallon tausayi. Wata biyu ina karatun Babila kamar zan yi jarrabawa."

"To kin gani."

"Na kuma samo maka mafita." Ta buɗe tafin hannunta, ta fara lanƙwasa yatsu kamar a gaban allo. "Ba, bi, la. Gaɓa uku. Fir, au, na. Gaɓa uku. Fir'auna, maido gonar Iya. Na rera shi a ɗaki, ya hau kiɗan daram. Babu mai sunan Fir'auna a Gagarawa. Kuma duk wanda ya yi allo ya san azzalumi ne, ba sai an yi masa bayani ba."

Muntaka ya yi 'yar dariya, ya girgiza kai.

"Malama ke nan. Har kin yi mini gyara da jan biro."

"Ba wasa nake ba."

"Waƙar ta riga ta fita, Hanne. Tana wayar kowa. Saboda ita aka gayyace ni babban wasan Yamai wata mai zuwa, shekara goma sha biyar ina neman hawa dandamalin nan. In na canza yanzu me za a ce? A ce Muntaka da ya yi wa masu taki tsaye ya durƙusa saboda suruki. Wa zai ƙara yarda da bakina?"

"Ni fa? Wa zai ƙara yarda da nawa?"

Hawayen da take riƙewa tun azahar suka zubo. Ba ta share ba.

"Ka san me ya fi daɗi da Fir'auna?" ta ce a hankali. "In ka sa shi, har baiti na biyu sai ya zauna daidai."

Ya ɗago kai.

"Rera mini baiti na biyu."

"Haba Hanne, a zauren mutane?"

"Ba sai da jita ba. Faɗa kawai."

Ya kawar da ido, ya faɗa ciki-ciki.

"Babila, wanke a sake wankewa, shuɗin tawada na nan a aljihun..."

"A aljihun wa?"

Ya dubi tabarma, ita ta ci gaba.

"Dogo mai gangarka ya buga ganga daidai wurin, ya rufe ƙarshen kalmar. Na sa abin kunne na saurara ya fi sau arba'in, ina mayarwa baya, ina roƙon Allah in ji 'ki' a ƙarshenta. Ɗan Malam, 'yan aji uku nake koya wa Hausa. Sunan gari mace ake ɗaukarsa. Kano ce, Gumel ce, Damagaram ce. Ba a cewa Kano ya cika, sai dai ta cika. In Babila gari ce, aljihunki za ka ce." Ta dube shi. "Aljihunka ka ce."

A bayan ƙyaure wake ya daina ƙara.

"Baki ne ya kuɓuce," in ji Muntaka.

"To ka rantse. Kai ɗan malam ne, izu arba'in. Ka ce wallahi baki ne ya kuɓuce, ni kuma in tashi yanzu in gaya wa Gwaggo ko duniya za ta taru kai zan aura."

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya cire hular nan ya riƙe a hannu, gashin ya zubo masa a fuska, ya zauna yana murza ta.

Shi ke nan. Da ma abin da take tsoro ke nan.

Bara ne, a wannan zauren, a kan wannan tabarmar, ta gaya masa. Ba wanda ya tambaye ta. Ita ce ta ga bai dace su shiga aure da wani abu a binne ba. Ta ce masa Baba da farko shi ma taki aka ce masa, sai a rana ta uku ya gane ko takardar mece ce, ya rasa yadda zai koma ya kalli waɗanda suka riga suka dangwala, ya ci gaba. Ta ce masa ɗan akwatin tawadar a aljihun farar shaddarsa yake sawa, ranar ƙarshe ya tsiyaye. Ita ta wanke rigar. Ta sa sabulu, ta sa lemon tsami, ta sa kanwa, shuɗin ya ƙi fita. Baba ya ninke ta ya sa a ƙasan akwati, bai ƙara sawa ba, bai ƙara cin abinci da daɗi ba. Tana kuka ta ce ya yafe masa. Muntaka ya ce ya yafe.

Duk ƙasar Gumel, mutum biyu ne suka san da tabon nan kafin ranar. Mai rigar da mai wankin.

"Ranar farko Babila kawai na rubuta," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wallahi wannan kam zan rantse. Babu ubanki a raina. Muna gwaji a Kano sai Dogo ya tsaya da kiɗa ya fashe da dariya, ya ce, kai, ka san me za a ji a Gagarawa? Ya faɗa. Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba."

"Sai ka cire."

"Na yi niyya. Da na dawo Ɗanzomo na tarar da Iya ta dawo daga ƙodago. Hanne, ƙodago. A gonar wani take cirar gyaɗa a ba ta kwano ɗaya, matar da gonarta ke ba da dami sittin. Ta zauna tana ɓarza, ta ɗaga babban yatsanta ta ce mini, ka ga wannan, shi ya cinye ni. Tana dariya ta faɗa. Na shiga ɗaki na rubuta baiti na biyu."

"Da abin da na ba ka."

"Da abin da kika ba ni."

"Ka ce ka yafe."

"Na zaci na yafe."

Hannatu ta rufe fuska da gefen hijabinta ta yi kuka sosai, irin wanda kafaɗa ke rawa. Shi ma idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙa hannu kamar zai taɓa gefen tabarmar da take, ya janye.

"Da ka zo ka ce mini, Hanne, na kasa," ta ce cikin kuka. "Da ka ce mu je gaban Baba ka faɗa masa ido da ido. Wallahi da na raka ka. Ni ma ina jin zafin gonar nan. Kai kana ganin ban san Iya ta fi Baba gaskiya ba? Na sani! Amma ni ka bari na yi wata biyu ina rantsuwa a kan ƙarya. Na ce wa ubana ban tuna wanda ya wanke rigarsa ba. Tsoho yana tsaye a nan, inda takalminka yake, ya san ni ce, na san ya sani."

"Zan sa Fir'auna," ya ce da sauri. "Gobe zan tafi Kano. Zan cire baiti na biyu gaba ɗaya. Yamai ma in kin ce kada in je..."

"Ka cire daga ina? Daga wayar wa?" Ta share fuska. "Ɗazu da ka ce ba za ka canza ba, na ji haushi, amma na ga mutumin da na so. Yanzu kuma da aka kama ka za ka canza. Kada ka cire komai. Gonar Iya ce, gaskiyarta ce, ka je Yamai ka rera. Sai dai ka gaya wa Dogo ya daina rufe maka baki da ganga. In za ka ce aljihunka, ka ce aljihunka, kowa ya ji."

"To mu fa?"

Ta miƙe, ta gyara hijabi, ta zura takalmi. Ba ƙofar cikin gida ta nufa ba, ta waje ta nufa.

Ƙyauren ciki ya buɗe da sauri, Gwaggo ta faɗo zauren, wake na zuba daga faifai.

"Ke, ina za ki da yammar nan? Wace riga? Wane tabo? Ni ba a gaya mini zancen wata riga ba!"

"Gagarawa za ni, Gwaggo. Baba ya yi mini tambaya ban ba shi amsa ba."

"To in aika wa Abdulfatah ya kai ki a mota?"

"Kada ki aika wa kowa."

Muntaka ya miƙe, hula a hannu.

"Hanne, bari in raka ki tasha. Ko in bi ki har can, in durƙusa a gabansa. Ki ce wani abu. Goron nan a mayar ko a bari?"

Ta tsaya, hannunta a kan ƙyauren langa-langa. A kan titi wani ɗan acaɓa ya wuce a hankali, rediyon babur ɗinsa na tashi, muryar Muntaka na jan Babila har ƙarshen layi. Su ukun suka tsaya suna ji har ganga ta faɗo a kan kalmar nan.

Ta juyo ta dube shi, idonta jawur.

"Ni na wanke rigar, Ɗan Malam. Kai kuma ka shanya ta a kasuwa."

Ta fita, ta jawo ƙyauren da ƙarfi, garam, har ƙasa ta zubo daga saman bango.